Yadda Gidan Ludayi Ya Sake Suna

Da hantsi ne, a gefen fadamar Makama Nomau, inda rake ya yi tsawon da zai ɓoye mai doki, manya biyu na Birnin Marke suka tsuguna suna ƙulla magana. Ɗaya shi ne Makaman, mutum mai tumbi da sanyin murya, wanda ya fi iya ciniki a kan zaman sirdi. Ɗayan Jarmai Cindo ne, dogo, jiki duk tabon mashi, mai 'ya'ya cike da gida da gona ɗaya tal a kan tsakuwa.

"Sake faɗi, Makama," in ji Jarmai. "Kunnen nan nawa tun da aka maka masa kulki bara ba ya ɗaukar magana mai daɗi da wuri."

Makama ya yi nuni da sanda. "Fadamar nan, daga tsamiyar can har bakin rafi, da rakenta da albasarta, na ba ka. Ni tambarin Sarkin Shirwa nake so. In an gwabza, ka ƙwato shi, ka miƙo mini a bayan kurmi kafin a iso ƙofar gari. Sannan ka rufe bakinka har ranar da za a rufe ka."

"To in ba a yi yaƙin ba fa? Na ji Galadima sulhu yake so."

"Wannan ka bar mini. Kai dai wasa takobinka."

Jarmai ya karya rake ya tauna, ya tsotse, ya tofar, ya ji lallai ƙasar nan ba ƙarya. Sai ya zare takobi ya ɗora harshe a kan ƙarfen. "Takobin nan ya ci ni in na taɓa gaya wa mai rai cewa ni na ɗauko." Suka tafa.

Wanda bai san Marke ba, zai ce Makama ya taɓu, ya ba da fadama a kan ganga. To a Marke ba mutum ke zaɓa wa gidansa suna ba, ƙofar gari ce ke raɗawa. Duk ranar da aka dawo daga yaƙi, Sanƙira, babban maroƙin fada, yakan hau kan ƙofa ya zuba wa hannun kowane maigida ido. Wanda ya shigo da makaminsa da linzaminsa, sunan gidansa yana nan yadda yake. Wanda kuwa ya shigo riƙe da wani abu dabam, Sanƙira zai kira sunan abin sau uku, daga ranar da shi za a riƙa kiran gidan. Haka aka sami Gidan Tuta, da Gidan Sirdi, da Gidan Kwalkwali, wato gidan su Jarmai. In suna ya zauna a kan maigida uku a jere, sai a ce ya bushe, ko Sarki ba ya iya kankare shi.

Kakan Nomau, Allah ya ji ƙansa, ranar da aka ci wani sansani kowa ya yi wawar doki da sulke, shi kuwa ya ga wani ludayi mai zane, ya ce bai taɓa ganin mai kyansa ba. Da shi ya shigo gari yana murmushi. Uban Nomau ya fita yaƙi bakwai yana neman abin da zai goge wannan, bai taɓa dawowa da komai ba sai ciwon baya. Nomau shi ne na uku. Ya wuce hamsin, gwiwa ta fara ƙara. In ya mutu a haka, jikoki da tattaɓa kunne 'yan Ludayi ne har tashin duniya. Shi kuwa Jarmai nasa sunan ya daɗe da bushewa, tambari ba zai ƙara masa komai ba, albasa kuwa za ta ƙara.

Kwana biyu bayan haka manzon Sarkin Shirwa Barau ya iso fada. Ya tsaya gaban Sarki Tunau da majalisarsa, ya ajiye fartanya da kibiya a kan shimfiɗa.

"Ubangijina, Barau, mai Dutsen Shirwa, yana gaishe da Sarkin Marke. Ya ce mashayar kogi da ke tsakaninku tasa ce tun kakanni. In kun ɗauki fartanya, kun bar masa ruwa, ku yi nomanku lafiya. In kun ɗauki kibiya, ku same shi a bakin kogi."

Aka fitar da manzo zaure. Galadima, tsoho mai kaifin baki, ya gyara zama. "Allah ya ja zamanin Sarki. Gero ya fitar da kai, saura kaɗan a yi girbi. Mashaya ba guduwa za ta yi ba. A ba shi amsa mai laushi, a cika rumbuna tukuna, sannan a tuna da kibiya."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Makama ya ga fadamarsa da shirinsa za su bi ruwa, sai ya miƙe har rawaninsa na karkacewa.

"Zaki, Allah ya ba ka nasara! Yau a zauren Tunau ake auna fartanya da kibiya? Iyayenmu da suka gina ganuwar nan, da gero suka gina ta? Yau ya ce ruwa, gobe ya ce kifin ciki, jibi ya aiko a ba shi tabarmar da Galadima ke zaune a kai! Ni Nomau, na gwammace ungulu ta ci ni a bakin kogi da in sha ruwa da izinin Barau!"

Sarki ya leƙo daga cikin amawali. "Makama, kai ne kuwa?"

"Ni ne, Zaki."

Galadima ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na ga abubuwa a duniya, amma yau na fara ganin ludayi yana neman yaƙi. Ko dai an ce maka Shirwawa fura za su zo da ita?"

Aka tuntsire da dariya. Amma dariyar ce ta ɓata wa Galadima lissafi, don barade suka dubi juna, kowa ya ji kunya a ce ɗan Gidan Ludayi ya fi shi zuciya. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suna rantsuwa. Aka kira malamin duba ya buga ƙasa, ya daɗe yana zane yana sharewa, sannan ya ce, "Na ga nasara, na kuma ga gudu. Sai dai ƙasa ba ta nuna wa ke da wanne ba." Kowa ya ɗauki nasarar tasa ce. Sarki ya miƙa hannu ya ɗauki kibiya.

Ranar Talata da rana tsaka aka haɗu a bakin kogi. Shirwawa sun jera 'yan baka a gaba, 'yan lifidi a baya, a tsakiya kuwa wani farin raƙumi ɗauke da tambarin, ana dukansa yana amo kamar hadari ya taso. Makama da ya ji amon nan a cikin hanjinsa, sai ya ce da Sarkin Yaƙi shi zai tsare bayan runduna kada a zagayo. Ya sami wani ƙaton suri ya tsare bayansa sosai.

Kibau suka rufe sama. Dawaki suka haɗu, ƙarfe ya ci ƙarfe, kogi ya sake launi. Jarmai Cindo kuwa ba ya ganin kowa sai raƙumin nan, don shi a idonsa ba raƙumi ba ne, kadadar albasa ce ke tafiya. Ya keta 'yan baka, ya ture 'yan lifidi biyu, mashi ya yage masa damtse bai ko waiwaya ba. Ya sare igiyar da ta ɗaure tambarin, ya cafe shi kafin ya kai ƙasa, ya lulluɓe shi da alkyabba ya ɓace cikin hargitsi. Da amon ya ɗauke, Shirwawa suka zaci an kashe Sarkinsu. Na baya suka juya, na gaba suka bi su.

A bayan kurmi Jarmai ya sauke kayan. Ya dubi Makama sama da ƙasa. "Haba Makama, rigarka kamar za ka ɗaurin aure. Matso." Ya shafo jinin damtsensa ya goga masa a kafaɗa da rawani. "To yanzu ka yi kama da wanda ya je."

Da Makama ya doso ƙofa rungume da tambari, Sanƙira ya murza ido, ya sake murzawa. Amma aikinsa hannu ne, ba tambaya ba. Ya cika ƙirji ya kwarara: "Gidan Tambari! Gidan Tambari! Gidan Tambari!" Mata suka rangaɗa guɗa. Makama ya ji hawaye na bin gemunsa. Kwana uku ana kiɗa a ƙofar gidansa, ya sa aka tattara duk ludayan gidan aka kai wa maƙwabta.

Rana ta huɗu masu gadin ganuwa suka hango Shirwawa sun dawo, ninki biyu, sun kafa sansani a tsakiyar gonakin gero. Manzon nan ya sake tsayawa gaban majalisa, wannan karon ba gaisuwa.

"Barau ya ce tambarin nan na kakanninsa bakwai ne. Ba a naɗa Sarkin Shirwa sai da shi, ba a binne shi sai da shi. Wanda ya ɗauke shi ya fito gobe da safe shi kaɗai, da tambarin, ya kara da Kaura Jatau, barden Shirwa. In ya kashe Kaura, tambari naku ne, mu tafi. In Kaura ya kashe shi, mu ɗauki abinmu da kansa. In kuwa ba wanda ya fito, za mu sa wa geron nan wuta har kara na ƙarshe."

Duk majalisa ta juyo ta dubi Makama. Shi kuwa ya san Kaura Jatau, don daga bayan suri ya ga yadda ya ɗaga wani barde da mashi kamar an tsire nama.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Makama, murya ta koma siririya, "ai ka san fagen fama. Hannuwa da yawa ne. Ba mamaki wani ya sare igiya, ni kuwa abin ya faɗo a hannuna. Kamar ma na ga gilmawar Jarmai a wajen."

Sarki ya dubi Jarmai. Jarmai ya tuna da takobin da ya lasa, ya tuna da albasar da ya riga ya fara yi wa ban ruwa.

"Ni, Zaki? Ina can gefen kogi ana ta jibgata. Da idona na hango Makama ya keta runduna kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Yana ihu yana cewa ina Kaura, ina Kaura! Kunya ce kawai ke sa shi wannan magana, ka san manyan maza ba sa son yabo."

"Allahu akbar," in ji Galadima, yana shafa gemu. "Ashe nemansa ma kake yi. To ga shi Allah ya kawo maka har gida."

Makama ya buɗe baki zai fasa ƙwai, sai ya tsaya. Wanda ya yi wa ƙofa ƙarya ya kuma amsa da bakinsa a Marke, tsohon sunansa ake mayar masa, a busar da shi nan take. Ya auna kansa a hannu ɗaya, sunan jikokinsa a ɗaya. Ya ga dai kai ko yaya aka yi wata rana sai an rabu da shi.

"Zan fita," in ji shi, har shi kansa ya yi mamakin jin haka.

Da safe aka buga masa ganga, aka buɗe ƙofa, aka mayar aka rufe da sauri. Mutanen gari suka cika kan ganuwa. Makama ya bi ta cikin gero a kan dokinsa, tambari a gaba, takobi na dukan cinya. A bakin sansani ya ga Kaura Jatau tsaye, ya yi biyun Jarmai a faɗi, a bayansa kuma Sarki Barau zaune a ƙarƙashin laima.

To shi Makama a fada ya girma. Ƙafarsa ba ta san yadda ake tunkarar Sarki da takalmi ba, ko da Sarkin abokan gaba ne. Ya sauka daga doki, ya tuɓe takalmansa ya riƙe, ya wuce Kaura kamar bai gan shi ba, ya dire tambari gaban laima, ya zube ya yi gaisuwa.

"Wannan ne?" in ji Barau. "Kai ka ture mini 'yan lifidi?"

"Allah ya ba ka nasara, a gida ba zan iya faɗi ba, amma nan ba Marke ba ce. Ko kaza ban taɓa turewa ba. Saye na yi."

"Saye? Tambarin kakannina?"

"Da fadama, Zaki. Mai kyau ce ƙwarai. Rake da albasa, ga ruwa rani da damina."

Barau ya miƙe tsaye. "Albasa! Kaura, sare shi!"

"Ya sare, ranka ya daɗe," in ji Makama, goshi a ƙasa. "Sai dai ga mutane can kan ganuwa suna kallo, kuma akwai wanda ya sayar mini. Rantsuwar da ya yi ta ɓoye wanda ya ɗauko ce, bai rantse zai ɓoye abin da aka biya ba. Ina raye yana jin nauyina. Ran da aka binne ni, ka san bakin mayaƙi in ya ƙoshi. Kafin kaka maroƙan ƙasa bakwai suna waƙar tambarin da aka musanya da albasa. Shi kuma Kaura, wa za a ce ya kashe? Jikan mai ludayi, tsoho, a durƙushe, ba takalmi. Da wannan za a riƙa yi masa kirari."

Kaura ya sauke takobin da ya ɗaga. "Zaki, ni fa an ce mini barde ne zai fito."

Barau ya zauna. Ya daɗe yana kallon tambarin. "Me kake so, mai albasa?"

"Ka ɗauki abinka. A ce Sarkin Marke ne ya mayar maka don girman kakanninka, kai kuma ka bar gero, mashaya kowa ya sha. Muddin ba a sake jan baka tsakaninmu ba, ni da mutumina ba mu san wata albasa ba."

Barau ya rantse a kan tambarin, a gaban manyansa. Kaura ya ce shi dai ba zai fito tun asuba ya koma hannu wofi ba, ya karɓe dokin Makama da takobinsa. Makama ya ce ya haɗa har da sirdin. Ya ja da baya yana gaisuwa, yana ja yana gaisuwa, har ya shiga gero. Da ya tabbata kansa na nan a wuyansa, sai ya tattare riga ya zuba da gudu, gudun da gwiwarsa ta shekara ashirin ba ta yi ba.

Na kan ganuwa suka ga Shirwawa na tuge turaku, suka ga Makama tafe da rai. Gari ya ɗauki sowa. Aka wangale ƙofa. Makama ya ɗaga hannu sama yana kaɗawa, yana haki. "An yi sulhu! Gero ya tsira! An yi sulhu!"

Yana tsallake dokin ƙofa ya ga Sanƙira a sama ya karkata kai yana kallon hannun da yake kaɗawa. Makama ya bi idonsa. Takalma ne, ƙafa biyu, na fatar akuya, ɗaya ma maɗaurinsa ya tsinke. Ya watsar da su kamar ya riƙe maciji, amma ina, Sanƙira ya riga ya cika ƙirji.

"Gidan Takalmi! Gidan Takalmi! Gidan Takalmi!"

Makama ya kai ƙara gaban Sarki, ya ce wannan ba dawowa daga yaƙi ba ce, dawowa daga sulhu ce. Galadima ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, da takobi ya fita, an buga masa ganga, an rufe ƙofa a bayansa. In wannan ba yaƙi ba ne, to a gaya mini sunansa." Sarki Tunau ya yi dariya har ya share ido. Ya amince da sulhun, ya ba Makama alkyabba da sabon doki, ya ce amma abin da ƙofa ta faɗa ba ya cikin ikonsa.

Makama ya lallashi kansa da cewa sunan ɗanye ne, yaƙi na gaba zai gyara. Sai dai sulhun da ya ƙulla ya ƙullu da kyau. Barau na tsoron waƙa, 'ya'yansa suka gaji rantsuwar ba su san dalilinta ba. Makama ya tsufa yana zuga majalisa ba mai kula shi. Ɗansa ya yi zamaninsa bai ga kibiya a sama ba, jikansa ma haka, suna ya bushe ƙayau.

In za a faɗi wanda ya ci da wanda aka ci: Barau ya koma da tambarinsa. Talakawan Marke suka girbe geronsu shekara sittin ba fargaba. Jarmai Cindo ya mutu da ƙiba a cikin rakensa, bai taɓa buɗe baki ba. Makama Nomau kuwa, wanda shi ya tayar da yaƙin, shi ya kashe shi, ya rasa fadama, ya rasa tambari, ya bar wa zuri'arsa takalmi.